Wa zai bi sawun sanƙarau a Damagaram in ba 'ya'yanmu ba?

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina neman ɗan fili a jaridarku in faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai tun ƙaramar salla. Maganar ta cikin gida ce, amma na tabbata ba a gidanmu kaɗai ake yin ta ba.

'Yar ƙanena tana dab da gama karatun likita a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram. Ran salla da dare muna tsakar gida, an ci an sha, sai mahaifinta ya tambaye ta wane fanni za ta bi in ta karɓi takardarta: na mata, na yara, ko fiɗa? Ta ce ba ko ɗaya. Ita bin sawun annoba take so ta karanta, abin da a lakwal suke kira epidemiyoloji, daga nan ta shiga aikin bincike. Ya ce to a wane ɗaki za a riƙa samun ta? Ta ce aikin ba na ɗakin duba marar lafiya ba ne, na ƙidaya ne, da yawon ƙauyuka, da zama gaban kwamfuta. Gida ya yi tsit. Hajiya, mahaifiyarmu, ita ta fara magana: "Duk shekarun nan da ubanki ya yi yana ɗawainiya, ashe lokotoron takarda za ki zama? Ni wa zai duba mini jinina?" Yarinyar ta juyo wajena ta ce, "Baba, kai ka yi aikin nan, ka yi musu bayani."

Na faɗi abin da ya sawwaƙa a daren, amma maganar ta fi ƙarfin hira ɗaya. Shi ya sa na ɗauko bik.

Na yi shekara talatin da 'yan kai cikin farar riga. Na fito daga makarantar ma'aikatan lafiya ta nan garin, na riƙe likitar karkara a matsayin majo, wato shugaban likitar, a kudancin jaha, kusa da iyakar Najeriya, daga baya aka maido ni gunduma ina tattara lissafin cututtukan da doka ta ce a sanar da su kowane mako. Ni ba mai bincike ba ne. Hannuna ne dai ke cika takardar da mai bincike ke karantawa, don haka na san abin da takardar nan take iya yi, na kuma san abin da ke faruwa in ta rasa mai karanta ta.

Sanƙarau na 1995 da 1996 ya same ni ina sabon hannu. A 1996 kaɗai, a faɗin ƙasashen da ake kira zirin sanƙarau, daga Senegal har Habasha, mutum sama da 250,000 suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. Likitarmu ɗaki biyu gare ta. Da suka cika muka kafa rumfar zana ƙarƙashin dogon yaro, muna rataya ledar ƙarin ruwa a reshe. Tun asuba amalanke ke shigowa. Za ka ga yaro wuya ya sanƙare, kai ya koma baya, ba ya son haske. Jariri kuwa maɗigarsa ta taso tana sheƙi. Maganin da ke hannunmu allurar kuloramfenikol ce mai maiƙo, mai kaurin da sai ka danna da ƙarfi kafin ta fita daga sirinji, a raba ta biyu, kowane ɗuwawu rabi. Ta ceci da yawa, Allah Ya saka wa waɗanda suka kawo ta. Allurar rigakafi kuwa ba ta iso mana ba sai da cutar ta riga ta ɗebi na ɗiba. Akwai yaron da na yi jinya a rumfar nan, ya tashi, amma kunnensa bai ƙara jin magana ba. Yanzu magidanci ne, yana ɗinki wajen Kasuwar Dole. In na bi ta wurin, da alamar hannu muke hira.

Abin da ya hana ni barci bayan annobar ta lafa shi ne rajista. Na koma na buɗe shafukan baya, sai na tarar tun makonni kafin mu kafa rumfa suna nan: yaro ɗaya daga wannan ƙauye, biyu daga wancan, da hannuna na rubuta su. Da na haɗu da majon likitar da ke maƙwabtaka da mu, shi ma abin da ya gani a tasa ke nan. Kowa ya ga ɗan nasa ya ɗauka tsautsayi ne. Da akwai wanda ya tara waɗannan 'yan lambobi wuri ɗaya a kan kari, ya auna su da yawan jama'ar yankin, ya ɗora su a taswira, da an ga wutar tun tana hayaƙi. Wannan mai tarawar shi ne wanda Hajiya ta kira lokotoron takarda.

Bari in ɗan warware yadda aikin yake, don iyaye su san abin da 'ya'yansu ke nema. Ƙwayar sanƙarau tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya ba ta yi musu komai ba. Masana na ganin in hunturu ya shigo da ƙura, iska ta bushe, fatar cikin hanci da maƙogwaro ta yi rauni, a nan take samun ƙofar shiga jini. Shi ya sa cutar ke tasowa daga wajen Disamba, ta yi ƙamari a bazara, ruwan sama na sauka ta kwanta. Wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, shi ya zana iyakar wannan ziri tun 1963. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a yanzu ita ce, in a mako ɗaya an sami mutum 3 cikin kowane 100,000 a yanki, a shiga shiri; in sun kai 10, annoba ce, a fito da rigakafi. Lissafin kansa ba wuya gare shi ba. Wuyar tana wajen samun lambar gaskiya ran Litinin, daga likitar da babu rezo, daga majon da yake shi kaɗai ga mata biyu suna naƙuda a gabansa. Kuma ƙidaya ba ta isa ba, sai an san wace irin ƙwaya ce. A ɗebo ruwan gadon baya, a zuba a 'yar kwalba ta musamman, a kai labo. A zamanina kwalbar sai ta yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa cibiyar binciken cututtuka ta CERMES a Yamai, wani lokaci a hannun direban motar haya da muka roƙa.

Sanin irin ƙwayar ba ƙwalisa ba ne. Shekara da shekaru iri na A ne ya fi kashe mu. A ƙarshen 2010 aka fara allurar rigakafin iri na A mai suna MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda aka haɗa a Indiya musamman don Afirka, kuɗin kowace ɗaya bai kai rabin dalar Amurka ba, kuma iri na A ya kusan ɓacewa daga ƙasashen da suka yi ta. Mu da ke ƙauye muka ce an gama da sanƙarau. Masu duba kwalabe ba su ce haka ba, domin tun 2006 sun ga iri na X ya yi ɓarna a Yamai da yammacin ƙasa. A 2015 sai ga iri na C, mutum sama da 8,000 suka kamu a ƙasar nan, sama da 500 suka rasu. Ya kuma zo mana har gida: daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 a jahar Damagaram, 18 suka rasu, a ƙetaren iyaka Jigawa ma tana fama. Ba don masu bin sawu ba, da sai a yi ta yi wa yara allurar A ana mamakin abin da ke kashe su. Sabuwar allurar da ke kare iri biyar a tashi ɗaya, wadda Najeriya ta riga kowa amfani da ita a 2024, daga irin wannan ƙidaya aka san ana bukatarta.

Kada a ɗauka aikin duka annoba ne da kwalabe. Ɓangaren da ni ya fi taɓa ni shi ne binciken yadda magani zai isa hannun mai bukatarsa. Ga misali nan kusa, a Mirriya. Da can awon tamowa aikin ma'aikaci ne: sai uwa ta kawo yaro likita, ko wakilin lafiya ya zagayo, a sa masa zaren awo mai launi a damtse. Ja, wato ƙasa da milimita 115, yaro yana cikin haɗari. Rawaya, a sa ido. Tsanwa, lafiya lau. Sai ƙungiyar BEFEN ta 'yan ƙasa da abokiyar aikinta ALIMA suka ce, in aka koya wa iyaye mata fa? Ba su tsaya a zato ba. Aka gwada a Dogo, aka kwatanta da Takeita inda wakilan lafiya ke awon, aka tarar awon iyaye bai gaza na ma'aikata ba, kuma yaransu suna isowa da wuri, tun abin bai kai ga kwantarwa ba. Yau ƙasashe da dama sun ɗauki wannan hanya. Da idona na ga wata uwa da ba ta taɓa shiga aji ba ta kwance bakin zanenta, ta fito da zaren, ta nemi tsakiyar damtsen ɗanta, ta ja shi ba tsauri ba sako-sako, ta dube ni ta ce, "Majo, ya shiga rawaya tun shekaranjiya, shi ya sa na zo." Bincike ne ya sa zaren nan a bakin zanenta, kuma a ƙasarmu aka yi shi, da Hausa.

Ba shi kaɗai ba ne. A Madarumfa ta jahar Maraɗi, cibiyar bincike ta Epicentre ta gwada rigakafi mai jure zafi na ƙwayar rota, wadda ke sa yara zawo. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana rage zawo mai tsanani na wannan ƙwaya da kusan kashi biyu cikin uku. A jahar Doso, a Boboye da Loga, an gwada raba azitromisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga ƙananan yara sau biyu a shekara, mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari. Sunayen garuruwanmu suna cikin manyan mujallun likitanci na duniya. Akwai 'yan Nijar masu ƙwazo a waɗannan ayyuka, ina jinjina musu. Sai dai ba su da yawa, kuma a ganina mafi yawan tambayoyin daga waje ake zuwa mana da su, tare da kuɗinsu.

Wannan yana da illa, na kuma ɗanɗana ta. Wata shekara wata tawaga ta zo yankina, da motoci da takardar izini, suka ɗebi jinin yara a 'yan ƙauyuka. Ni na shige musu gaba wajen mai gari, ni na yi tafinta, da bakina na ce za a dawo a gaya musu abin da aka gani. Ba a dawo ba. Shekara na zagayowa muka je rigakafi, mai garin ya zaunar da ni a zaure ya ce, "Majo, jinin 'ya'yanmu fa, me ya ce?" Na rasa abin faɗi. Ranar gidaje da dama ba su fito da yara ba. A rahoto akan rubuta cewa jahilci ne. Ba jahilci ba ne, mutanenmu ba su da mantuwa ne. Sun ji labarin gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, kuma tsakaninmu da Kano tafiyar ba ta cin yini. Mai binciken da uwarsa ke cikin garin, wanda zai haɗu da mai gari a wurin suna ko jana'iza, ba ya iya ɗibar jini ya ɓace.

Ga tambayoyi nan zube ba mai ɗauka. Tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Masu bincike na LASDEL, wata cibiyar nazarin zamantakewa a Yamai, sun bi yadda abin ke gudana, suka nuna in kuɗin da ake mayar wa likitoci ya yi jinkiri, kantar magani ke bushewa. Irin wannan bin diddigi muke bukata gunduma-gunduma. Maganin rigakafin masassara da ake raba wa yara da damina, daga Yuli zuwa Oktoba, na kwana uku ne kowane wata: na ranar farko a gaban mai rabawa, sauran biyun a hannun uwa. Yara nawa ke shan na biyu da na uku, ga ɗaci, ga uwa tana gona? Mashaƙon da ya ɓulla a Matamai a 2023, rigakafinsa yana cikin allurar jarirai da muka daɗe muna yi. Ta ina waɗannan yara suka zille mana? Ni ina da zato. Iyalin da ke noma a Magarya su yi cin rani a Kano, ko matar da ta tafi wankan gida Daura: yaro ya karɓi allura ɗaya a nan da karne na Faransanci, ɗaya a can da kati na Ingilishi, ta ukun ta faɗa tsakani. Amma da zaton tsohon majo ba a gyara tsari. Sai an bi gida-gida, an ƙidaya, an rubuta, kafin minista ya sa hannu. Wanda zai iya wannan sai mai jin Hausa da Barbarci da Fillanci, wanda ba sai an fassara masa mene ne wankan gida ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba zan ɓoye wa matasa ba, hanyar doguwa ce kuma ba ta kuɗi ba ce. Abokin karatunka da ya zama likitan fiɗa zai riga ka gina gida. Sai ka so lissafi, sai ka koyi Ingilishi tunda da shi ake buga yawancin sakamako, sai ka jure a yi ta dawo maka da rubutunka ana gyara. Sau da yawa albashin yana rataye da furoje, furoje ya ƙare a shiga neman wani. Amma ƙofofi akwai su. Akwai horon bin sawun cuta na wata uku da ake yi wa ma'aikatan gunduma suna bakin aikinsu, akwai mai zurfi na shekara biyu a Wagadugu, akwai makarantar lafiyar jama'a ta Wida a Benin, ga Yamai, ga jami'o'in Kano da Zariya a maƙwabta. Kuma ba likita kaɗai ake nema ba. Ana bukatar infirmiye da sasfam da ma'aikacin labo, da wanda ya karanta lissafi ko halayyar jama'a, har da likitan dabbobi, tunda zazzaɓin Rift da ya kashe mutane a jahar Tawa a 2016 daga dabbobi ya fito.

Roƙona ga hukuma shi ne, yaron da ya sha wannan wahala ya dawo, a sama masa gurbi mai suna a aikin gwamnati, da matakin ci gaba. Kada a ajiye shi a ofis yana rubuta takardun izinin tafiya har ya gaji ya bi wata ƙungiya ƙasar waje. Na ga haka ba sau ɗaya ba, kuma kowane ɗaya da ya tafi raina ya ɓaci. A ƙarfafa labo na nan Damagaram da kayan aiki da wutar da ba ta yankewa, yadda kwalbar Dungas za ta sami amsa kafin mako ya juyo. Malaman jami'armu, ga tulin rajistoci a kabad na likitocin karkara gara tana cinsu, alhali kowace ɗaya ta isa kundin digiri ga ɗalibin da aka tura ya zauna wata biyu a can. Attajiranmu, Allah Ya ƙara buɗi, kuna gina masallatai kuna haƙa rijiyoyi. Ɗaukar nauyin karatun yarinya ɗaya na shekara biyu shi ma sadaka ce mai gudana. Duk wanda kuma ya yi bincike a kanmu, ɗan gida ko baƙo, ya dawo zauren mai gari da gidan rediyo ya faɗi abin da ya gani da harshen da muke ji.

Game da 'yar tawa, ba a rufe shawara ba tukuna. Mahaifinta ya ce zai yi istihara. Ni kuma na sami Hajiya ita kaɗai bayan la'asar, na tuna mata yayyena biyu da ƙyanda ta ɗauke a shekara ɗaya, tun ba a haife ni ba. Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ita wannan ƙidayar, da an yi ta a lokacin, da sun rayu?" Na ce, "Rai na Allah ne, Hajiya, amma da an zo da wuri." Ta ce in kira mata yarinyar, ni kuma in ba su wuri.

Yarinyar ta karɓi tsofaffin littattafaina na lissafin mako, waɗanda babu sunan kowa a ciki sai lambobi da sunayen ƙauyuka, tana shigar da su kwamfuta shafi-shafi. Jiya ta kira ni ta ce shekara uku a jere ƙauye ɗaya ne ya fara kawo sanƙarau kafin sauran, abin da ni da na rubuta ban taɓa lura da shi ba. Tana so in raka ta mu ga ranar kasuwarsu, da ɗakunan da almajirai ke kwana, da watan da 'yan cin rani ke dawowa. Na ce mata ran Asabar, bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi.

Wassalam.

Wani tsohon majo,
Garin Malam, Damagaram.